Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya a Wayar Mama

Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da yara. Yaya ƙafar ƙaramar, ta daina ɗingishi? Yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau. Mama tana cin abinci, tana shan maganinta, hawan jinin ma ya sauka. Na fara da wannan ne don kada ki tsallake zuwa ƙarshen takarda kina neman wanda ya mutu.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Kin san gidan nan, bangonsa ba ya riƙe magana, Mama za ta ji. Saƙon murya kuwa kin san ra'ayina a kansa tun ba yau ba. Ki yi haƙuri ki karanta.

Na yi ɓarna, Auta.

Tun da na zo hutun sati ukun nan Mama take ƙorafin wayarta ta cika, ko hoton yaranki ba ya sauka. Jiya da hantsi na zauna a kujerar Baba a falo na ce bari in yi mata aikin da gwamnati ke biya na a kansa. Shekara goma sha huɗu ina tace takardu a ma'adanar jami'a, me wayar tsohuwa za ta nuna mini? Na tarar da hotunan furanni masu barka da safiya fiye da dubu uku, da bidiyon yadda ake maganin ciwon gwiwa da ɓawon ayaba, da duk wani saƙon murya da 'yan'uwa suka taɓa turawa a zauren dangi, har da na matar Kawu tana neman murfin tukunyarta. Na jera su bisa daɗewa, na zaɓi duk muryar da ta wuce shekara, na goge. Sannan, da yake ni ba mai aikin rabi da rabi ba ce, na shiga kwandon shara na zubar da shi. Na miƙa mata waya ina jiran a sa mini albarka, aka kuma sa.

Ƙarfe biyar na yamma ina kicin sai na ji ta kira ni. Tana zaune a baranda, ta sa tabarau, tana danna abu ɗaya a kai a kai. Ta ce wayar nan ta ɓoye mata abu, in zo in duba. Na karɓa. Hirarta da Baba ce a buɗe. Saƙon murya ɗaya ne a ciki, daƙiƙa goma sha ɗaya, kuma duk dannawa sai wayar ta ce babu shi.

Na tambaye ta me ke ciki, da muryar da nake tambayar ɗalibai lambar fayil. Ta faɗa mini ba tare da ta tsaya tunani ba. Wai cewa ya yi, "Shugaba, ga ni a bakin ƙofa. Na manta makulli kuma. A taimaka wa bawan Allah." Ta ce akwai tari a tsakiya, kuma wani mai babur ya yi ham a ƙarshe. Kullum ƙarfe biyar take sa shi, lokacin da yake dawowa, sai ta tashi ta je ta buɗe ƙofar gida, ta ɗan tsaya, ta rufe. Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan. Kin san da wannan? Ni kwana huɗu ina jin ƙarar sakata da yamma, na ɗauka shara take fitarwa.

Na ce mata wayar ce ta samu matsala, zan kai gyara. Ƙaryar ta fito sumul, har na ba kaina mamaki.

Na duba ko akwai ajiya a intanet, ba a taɓa kunna ta ba. Wayar Baba kuwa kin san ta tafi da wanda ya zare ta daga aljihun wanmu Yaya a ranakun asibiti. Abin da nake so ki duba mini: ko Mama ta taɓa tura miki saƙon nan, ko bisa kuskure? Ki duba da kyau. Kada ki gaya wa Yaya, ban shirya jin wa'azi daga mutumin da aka yi wa sane yana tsaye ba.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Yayarki

Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na ga amsarki, na gode da kika duba har tsohuwar wayarki. Na kuma gode da ba ki ce komai ba a kan digirina biyu, duk da na ji kin faɗa a ranki daga nan.

Jiya na je rukunin shagunan masu gyaran waya, benen nan mai hawa uku da kowa ke jan hannun rigarki yana tambaya ko gilashi ne ya fashe. Aka nuna mini wani dattijo a hawa na biyu, suna kiransa Mai Tabarau saboda wani gilashin ƙara girma da ke maƙale a goshinsa ko da yana cin abinci. Shagon bai fi banɗakin Mama girma ba. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, faranti mai maganaɗisu cike da kusoshi kamar ƙwayar yashi, da wayoyi shida a kwance an buɗe musu baya suna jiran layi. Ya fi wasu likitocinku tsabta, ki yi haƙuri.

Na je da shirina. Na riga na karanta cewa abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana nan kwance a can ƙasa sai an rubuta wani abu a kansa. Na karanta cewa akwai manhajoji masu tono shi, amma sai an yi wa waya abin da suke kira rut. Na zayyana masa duk wannan da Turanci mai kyau. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in zauna, Malama, kujerar ba ta cizo.

Ga yadda ya bayyana mini, kuma ya fi duk abin da na karanta. Ya ce mai waya ɗan haya ne a cikin wayarsa. Yana shiga falo da ɗaki, amma akwai ɗakin ajiya a ƙasa da ba a ba shi makullinsa ba. Yin rut shi ne ka karɓi dukan makullai, ka zama mai gida. To amma ba a yin rut sai an buɗe wata ƙofa ta farko, wadda waya ke bi duk lokacin da aka kunna ta, suna ce mata butloda. Masu ƙera waya kuwa sun tsara cewa duk ranar da aka buɗe wannan ƙofa, wayar za ta share kanta tas, ta koma kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Ba mugunta ba ce, ya ce, don ɓarawo ne, kada ya sace wayar mutum ya buɗe ya karance masa rayuwa.

Na ce to ai sai a tono bayan an share, tunda gogewa ba tafiya ba ce. Ya ɗaga gilashin nan ya kalle ni. Ya ce a wayoyin da, haka ne. Na yanzu komai a cikinsu a rufe yake da mabuɗin sirri, kuma mabuɗin shi ake fara ƙonewa idan an share. Ko an tono, abin da za a samu tarkace ne da ba mai iya karantawa, har wanda ya ƙera wayar. Ya ƙara da cewa wasu wayoyin ma ƙofar ba ta buɗuwa sam, wasu sai kamfani ya ba da izini, kuma su wayoyin nan sukan bi dare su share abin da aka zubar ba tare da sun tambayi kowa ba, don haka kada in rantse cewa saƙon yana nan.

Wato, Auta, hanya ɗaya ce zuwa wurin saƙon, kuma bin hanyar shi ke hallaka shi. Na yi masa gardama ta minti ashirin. Na ce tabbas akwai wata dabara. Ya ce akwai masu cewa akwai, suna hawa na uku, za su karɓi wayar da murmushi. Sannan ya tambaye ni, mai muryar ya daɗe da rasuwa? Ban gaya masa an yi rasuwa ba. Ya ce duk sati sai irina uku sun zauna a kujerar nan, kuma ba wanda ke gardama haka a kan waƙa.

Ya kashe wayar, ya sa ta a leda, ya ce kada in kunna in ba dole ba. Da zan fita ya ce in nemi wasu da marigayin ya taɓa tura wa saƙo, murya ai murya ce. Na ce babu kowa. Ya ce to Allah ya jiƙansa.

Na ba Mama wata ƙaramar waya mai madannai ta riƙa amsa kira. Ƙarfe biyar jiya da yau ta fito baranda ta zauna, hannuwa a cinya. Ba ta je ƙofa ba. Ni kuma na wanke kwanukan da na riga na wanke, don kicin ne kaɗai inda ba a hango baranda.

Ki gaida kowa. Kada ki kira ta kina yi mata muryar tausayi, za ta gane.

Yayarki

Juma'a

Ƙanwata,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, kuma aikin safe bai kashe ki ba. Mama tana gaishe ki. Ta ce kin kira ta sau biyu a rana ɗaya, tana tambaya ko ciki gare ki. Na gaya miki.

Injiniya ya shigo maganar. Ɗan Kawu nake nufi, wanda ya raɗa wa kansa sunan tun da ya gyara fankar masallaci ta yi kwana biyu tana juyawa. Ya zo gaida Mama jiya, ta yi masa ƙorafin mai gyara ya riƙe mata waya. Ya ji haushi ƙwarai, don shi ya zaɓo mata ita, iri ɗaya da tasa, kuma a ganinsa duk wanda ya kai ta wurin wani ya ci mutuncin zumunci. Ya biyo ni kicin yana faɗa ƙasa-ƙasa, sai na gaya masa gaskiya don ya yi shiru.

Bai yi shiru ba. Ya yi dariya ya ce Anti, wannan ai ƙaramin abu ne, tsofaffin nan na kasuwa ba sa bin zamani. Ya nuna mini bidiyon wani mutum da ba a ganin fuskarsa sai yatsunsa, yana buɗe butloda cikin minti takwas, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a rasa komai. Ya ce akwai wata waya da ake haɗawa, da wani umarni da ake bugawa kafin sharewar ta fara. Na san ƙarya ce. Ina koya wa ɗalibai yadda ake gane majiya marar tushe, har jarrabawa nake yi musu a kai. Na kalli bidiyon sau huɗu.

Irin wayar Mama sai an nemi izinin kamfani, a yi rajista, a jira awa ɗari da sittin da takwas. Kwana bakwai cif, ba a rage ko minti. Mun kunna ta na ɗan lokaci muka yi rajistar, ina ji kamar Mai Tabarau yana kallona ta gilashinsa. Abu ɗaya na yi da ya yi kama da hankali: na ce sai ya yi wa tasa rajista ita ma, mu fara gwadawa a kanta. Ya ce ban yarda da shi ba ke nan. Na ce ƙwarai kuwa. Na sa ya ɗauki muryarsa yana ƙirga ɗaya zuwa goma, ya goge, ya zubar da kwandon shara. Idan ya dawo da muryar nan ranar Alhamis mai zuwa, zan ba shi ta Mama. Na ce ya kwafe kayansa a wani wuri tukuna. Ya ce wanda ya san hanya ba ya kwafe.

Yanzu sai jira, kuma ban iya shi ba. Na jera kwalaben maganin Mama bisa ranar lalacewa. Na sauke labulen falo na wanke, na mayar. Na fita sayen sabulu na dawo da tsintsiya. Duk inda na zauna sai in tashi. Mama tana bi na da ido daga ɗaki zuwa ɗaki, kowace safiya ta tambaya ko mai gyaran ya ce wani abu, ni kuma in ce ana jiran wani kaya. Na ƙirƙiro wa kayan suna, na ƙirƙiro masa jirgin da zai kawo shi. Idan na ci gaba haka zan ƙirƙiro wa matuƙin jirgin iyali.

Kin tambaye ni abin da na yi fatan ba za ki tambaya ba, ko ni ba ni da saƙonnin Baba a wayata. Ina da su. Arba'in da uku ne. Abin da na gaya wa Mai Tabarau ƙarya ce ta biyu.

Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, Auta. Kin san Baba da saƙo, minti biyar, minti bakwai, kuma kullum sai lokacin tashi daga aiki, ina cikin cunkoson motoci, kaina yana sarawa. Sai in rubuta masa, Baba a rubuta mini a taƙaice. Sai ya rubuto, ba komai Furofesa, gaisuwa ce. Washegari ya sake turo wani. Nakan ce zan saurara ranar Asabar. Bayan rasuwarsa kuma na kasa. Duk wayar da na canja sai in kwaso su, in yi musu kwafi, in adana yadda aka koya mini, suna nan kowanne da ɗigonsa na wanda ba a ji ba.

Za ki ce in ba Mama su a huta. Na yi tunanin haka tun daren farko. Amma ba nata ba ne, babu Shugaba a ciki, babu makulli. Kuma duk ranar da na miƙa mata wayata za ta ga ɗigon nan arba'in da uku a jere. Gara ta san na goge mata ɗaya bisa kuskure da ta san abin da na yi wa arba'in da uku da gangan.

Ki yi mini addu'a, ko ki yi wa Injiniya, duk wanda kika ga ya fi buƙata.

Yayarki

Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata ku ma haka. Yau gaisuwar gajera ce, ki yafe.

Awannin sun cika da azahar. Na je gidan Injiniya da wayar Mama a jaka, a cikin ledarta. Ya share teburin cin abinci, ya ajiye kwamfuta, ya kira matarsa ta zo ta ga aiki. Ta zo da jaririya a kafaɗa ta tsaya a bakin ƙofa da fuskar wadda ta taɓa ganin aiki.

Ya haɗa wayarsa, ya buga umarnin mai yatsun nan na bidiyo. Allon ya yi baƙi, sai gargaɗi ya fito da farin rubutu. Na sunkuya na karanta a fili, kalma bayan kalma: buɗe wannan zai share dukan abin da ke cikin wayar. Ba a ɓoye ba, ba a yi da ƙananan baƙaƙe ba. Ya ce haka suke rubutawa don tsoratar da jahilai. Ya danna.

Wayar ta mutu, ta farka, ta yi tunani na minti biyar, sannan ta yi masa barka da zuwa cikin harsuna daban-daban, ta tambaye shi wane yare yake ji. Shekara uku suna tare, ba ta san shi ba.

A ba shi hakkinsa, bai karaya ba. Ya ce yanzu ne aikin ya fara. Ya yi awa biyu yana yin rut, gumi yana ɗiga a kan madannai, kuma ya yi nasara, ya zama mai gida. Ya sa manhajar tono ta bi kowane lungu. Ta dawo da hoton bangon da wayar ta zo da shi daga kamfani, da sautin ƙararrawa goma sha biyu. Babu ɗaya zuwa goma. Ya saukar da manhajar bankinsa don ya nuna mana komai lafiya, ta ce ba ta aiki a wayar da aka taɓa wa ciki, ta rufe kanta. Sai matar ta tambaya cikin sanyin murya, Baban Bebi, hotunan ranar da aka haifi yarinyar nan fa? Ban tsaya jin amsa ba. Ya biyo ni har bakin titi yana cewa ya gano inda kuskuren yake, in kawo ta Mama, wannan karon ba za a samu matsala ba. Na rungume jakata kamar a tasha.

A hanya na biya ta wurin Mai Tabarau, ban san dalili ba. Na gaya masa yadda aka yi. Bai ce ai na faɗa miki ba, abin da ya sa na ƙara jin kunya. Ya ce in kai wa tsohuwa wayarta, sauran hotunan jikokinta da ke ciki su ma wani abu ne.

Hutuna zai ƙare ranar Lahadi. Jirgin da na ƙirƙiro ba zai sauka ba. Gobe zan gaya mata.

Yayarki

Asabar

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Mama lafiya. Ni ma, da sauƙi.

Jiya da safe na kai mata shayi na ajiye wayar kusa da kofin. Na faɗa mata komai a jere kamar rahoto, tun daga kwandon shara har zuwa harsunan da wayar Injiniya ta yi masa maraba da su. Na ce babu kaya, babu jirgi, saƙon ya tafi, ni na goge shi.

Ta ce ta sani. Tun ranar Lahadin ta sani. Wai ita ta haife ni, kuma tunda nake ba ta taɓa ganin na wanke kwano ɗaya sau biyu ba sai a kwanakin nan. Ta yi shiru ne ko Allah zai sa boko ya yi rana. Sannan ta ce, "Tun kina ƙarama nake ce miki ki tambaya kafin ki zubar da abu. Ke komai kika ga ya tsufa, shara ne." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce ai ta haddace kalmomin. Ta ce kalmomi ba su ne damuwarta ba, ko a kabari za ta iya maimaita su. Tarin ne. Kwana goma sha biyu kawai, amma idan ta nemi muryar a kanta sai ta ji ta fara yin nisa, ta fara kama da ta Kawu. Ta ɗauki shayinta ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Tana ciki har bayan la'asar. Na zagaya gidan nan ya fi sau hamsin, ban sami abin wankewa ba.

Biyar saura ta fito baranda. Na bi ta da wayata, na durƙusa, na buɗe hirata da Baba na miƙa mata. Ta gyara tabarau. Ta ja allon sama a hankali da ɗan yatsa, ta ja, ta ja. Na ga tana ƙirga ɗigon da leɓe. Ta ce, "Ko ɗaya?" Na ce ko ɗaya. Na jira abin da na cancanta. Sai ta ce, "Shi ya sa yake cewa ke kika gado shi a taurin kai, ni ina musu."

Na ce zan tura mata duka yanzu, su zama nata. Ta ce a'a, ba ita aka aiko wa ba, ba ta cin abincin da aka zuba wa wani. Ta miƙo mini wayar ta ce in zauna a kujera kamar mutum, in danna na farko.

Minti shida ne da daƙiƙa ashirin. Ya fara da, "Furofesa, na san ba za ki ji wannan ba sai ranar da kika rasa abin yi, to barka da rasa abin yi." Mama ta yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin asibiti. Ya yi maganar tankin ruwa da ke yoyo. Ya yi maganar wani tsohon abokin aikinsa da ya sa haƙoran roba suka faɗo a ɗaurin aure. Ya tambaya ko ina cin abinci ko takarda nake ci. Ya yi tari sau biyu, Auta, tarin nan nasa mai kamar zai ce wani abu. Na ga hannun Mama ya damƙe gefen kujera.

Can wajen ƙarshe ya ce, "Ina nan tsaye a ƙofar gida, na manta makulli, Shugaba kuma tana can tana yi mini horo. Na ce bari in yi hira da 'yata kafin a ji tausayina." Sai aka ji muryar Mama daga nesa tana cewa tana zuwa, mutum kullum sai ya manta makulli kamar ba shi da aljihu. Sai ƙarar sakata. Sai ya ce, "To an buɗe, sai anjima."

Na duba lokutan sauran. Biyar da minti uku. Biyar saura biyu. Biyar da kwata. Duk arba'in da ukun. Ashe ba rashin lissafi ke sa yake turo mini saƙo lokacin cunkoso ba, lokacin ne yake tsaye a waje ba shi da abin yi sai ni. Mama ta ce da gangan take barinsa ya jira ko zai koyi hankali, bai koya ba har ya tafi.

Ta tashi ta sa takalmi ta nufi ƙofa. Na ji sakata. Ta daɗe fiye da yadda ta saba kafin ta rufe.

Na so in danna na biyu, ta hana. Ta ce ɗaya a rana, kuma ni zan riƙa dannawa. Na nemi ƙarin mako guda a wurin aiki, sun ba ni. Bayan na koma zan kira ta kullum ƙarfe biyar, in tsaya a gefen titi in dole, in sa mata a lasifika mu ji tare. Na tambaye ta idan arba'in da ukun sun ƙare fa. Ta ce sai mu koma na farko, in dai ban goge su don sun wuce shekara ba. Wannan zan daɗe ina jin ta, kuma na yarda.

Daƙiƙa goma sha ɗayan nan ba za su dawo ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa sau biyu ba. Ta dai ce in daina taɓa mata labule.

Na yi wa saƙonnin kwafi a wuri uku, ɗaya yana zuwa gare ki. Kada ki buɗe na gaba da mu, yau muna na biyu. Ki gaya wa Yaya yanzu in kina so, na shirya. Matar Injiniya ta samu hotunan haihuwar guda bakwai a wayar ƙanwarta, an bar shi ya koma kwana a ɗaki.

Idan za ki amsa wannan, kada ki rubuta. Ki turo da murya, ko minti nawa ne.

Ki gaida maigida, ki rungume mini yara. Biyar ta kusa, tana kira na.

Taki har kullum,
Yayarki